Haushin Karnuka Da Gararambar Yara A Matsugunan 'Yan Gudun Hijira: Ina Sarkin Zango?

Duk wanda ya san garuruwan Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi a 'yan shekarun nan, ya san cewa sun cika sun batse da baƙin da ta'addancin 'yan bindiga ya raba da ƙauyukansu. Wasu sun raɓe a gidajen 'yan uwa, wasu a kangaye da gine-ginen da ba a kammala ba, wasu a azuzuwan makarantu da gefen tasha da rumfunan kasuwa. Idan ka zauna da mutanen gari, bayan maganar tsaro da tsadar abinci, akwai koke-koke guda biyu da ba ka rasa ji game da waɗannan matsugunai: karnuka da ke kwana suna haushi, da ƙananan yara da ke wuni suna gararamba ba tare da wani babba na lura da su ba. Mai karatu zai iya cewa ai wannan ƙaramar magana ce a yankin da ake sace mutane ana karɓar kuɗin fansa. To amma a nawa ganin, koke-koken nan biyu tushensu ɗaya ne, wato an tara jama'a a wuri ba a ɗora wa kowa alhakin wurin ba, kuma ranar da karen da ba shi da rigakafi ya haɗu da yaron da ba shi da mai kula, rai ne zai salwanta.

Kasancewar nazarin harshe shi ne fagena, bari in fara da kalmomin da muke amfani da su. A rubuce, Bahaushe yana da "haushi" iri biyu: akwai haushin da kare ke yi, akwai kuma haushin da mutum ke ji a zuciya. Sau da yawa na farkon ne ke haifar da na biyun, domin maƙwabcin da aka hana barci dare uku a jere ba zai tashi da fara'a ga baƙon da ke da karen ba. Sai kuma sunan da muka laƙaba wa wuraren da waɗannan bayin Allah ke zaune. Kafafen watsa labarai sun saba mana da "sansanin 'yan gudun hijira", alhali asalin sansani wurin da mayaƙa ke yada zama ne kafin su auka wa abokan gaba. Kalmar da kakanninmu suka tanadar wa masaukin matafiya ita ce zango, kuma zango a wurinsu wuri ne mai shugaba da ƙa'ida.

Tarihi ya nuna cewa a zamanin fatauci, lokacin da ayarin jakuna ke zuwa Gwanja ɗauko goro, Buzaye kuma na sauko da gishiri a kan raƙuma, babu ayarin da ke tafiya kara zube. Akwai madugu, wanda shi ne uban tafiya, akwai jagaba mai shiga gaba, akwai uban dawaki, akwai malamin ayari. Idan aka iso gari, sarkin zango ne ke nuna wa baƙi inda za su sauka da inda za su ɗaure dabbobi da rijiyar da za su ɗebi ruwa, shi ne kuma ke shiga tsakani idan baƙo ya saɓa da ɗan gari. Ƙarfin wannan tsari ne ya sa kalmar ta bi Hausawa har Kumasi da Ankara ta ƙasar Gana, inda har gobe ake kiran unguwanninsu zango. Shi kansa yankin arewacin Zamfara ba baƙon sauke matafiya ba ne. Tun da layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929 ya yi birki a nan, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga da fatu da masu kawo su, ga kasuwar Shinkafi da ta daɗe tana jawo 'yan tireda da masu shanu har daga Jamhuriyar Nijar. Abin tambaya a nan shi ne, yaya aka yi jikokin mutanen da suka iya tsara masaukin fatake da dabbobinsu suka kasa tsara masaukin 'yan uwansu da bala'i ya koro?

Mu ɗauki batun karnuka. Mutumin karkara yana kiwon kare ne don farauta ko gadin gona ko tsaron garke, kuma malamanmu na fiƙihu sun yi bayani cewa shari'a ta halatta riƙe kare saboda waɗannan dalilai. Da aka tarwatsa ƙauyuka, wasu karnukan sun biyo iyayen gidansu zuwa gari, wasu kuma sun zama marasa galihu, suna neman abinci a bola da bayan mahauta. Karen da ya saba da faffadan fili, yau an cusa shi cikin cunkoso, ga yunwa, ga baƙin fuskoki da baƙin karnuka, dole ne ya kwana yana haushi. Sannan adalci ne mu fahimci mai karen. Mutumin da aka taɓa kai wa hari cikin dare, wanda wataƙila haushin karen nan ne ya ba shi damar tserewa da iyalinsa, ba zai saurari mai cewa ya rabu da shi ba. Don haka kiran da wasu ke yi na a bi karnuka da guba a gama da su, kira ne da ba zai samu karɓuwa ba, kuma ko ya samu ba zai yi magani ba.

Haɗarin da ya fi hana barci girma shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duk wanda ya kamu, daga cizo ko yakushin kare ya samo ta. Ƙwayar cutar tana shiga ta yawun dabbar, ta bi jijiya sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, abin da kan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci ƙasa da haka, wani lokaci har shekara. Da zarar alamu sun bayyana, irin su firgita da dalalar da yawu da tsoron ruwa, to sai dai addu'a, domin da wuya a ga wanda ya tashi. Abin takaicin shi ne cuta ce da aka san rigakafinta tun 1885, lokacin da masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, ya ceci wani yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza.

A nan ne maganar karnuka ta haɗu da maganar yara. Babba idan kare ya cije shi ya san ya nemi asibiti. Yaro ɗan shekara biyar ko shida kuwa, wanda ya tsokani kare da jifa ko suka yi rububin ragowar abinci a bola, yakan ɓoye ciwon don tsoron duka, ko kuma ya dawo ya tarar babu wanda zai faɗa wa. Gajartarsa kuma kan sa cizon ya same shi a fuska ko wuya, inda cutar ta fi saurin isa ƙwaƙwalwa. Ban da kare, ga babura da motocin da ke zirga-zirga a hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi, ga kududdufai da tsofaffin rijiyoyi, ga kogin Gagare idan damina ta yi nisa, ga kuma miyagun mutane masu neman yaran da za su aika ko su lalata.

Sai dai kafin mu yi gaggawar zargin iyaye da sakaci, ya kamata mu dubi halin da suke ciki. Da yawa daga cikin matan nan zawarawa ne da aka kashe mazansu, wasu kuma mazan sun bazama neman abin da za a ci. Uwar da ta fita tun da asuba yin surfe ko wankau ko ɗiban ruwa don ta samo awo, da wa za ta bar yaranta? A ƙauye akwai kaka da goggo da kishiya da matar maƙwabci, shi ya sa ake cewa ɗa na kowa ne. Hijira ta wargaza wannan garkuwa. Binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF ta gudanar tare da Ma'aikatar Lafiya ta jiha a watan Yunin 2024 ya nuna cewa cikin yara sama da 97,000 'yan ƙasa da shekara 5 da aka auna a yankunan Shinkafi da Zurmi, kashi 27 cikin 100 na fama da tamowa. Yaron da ke cikin irin wannan yunwa, ko an ce ya zauna ba zai zauna ba, cikinsa ne zai fitar da shi.

To, alhakin wa ne? Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, kuma daga ciki akwai sa ido kan kiwo da yawon dabbobin gida, da kula da mahauta da kasuwanni da tashoshin mota, da kwashe shara, da sa hannu a harkar ilimin firamare da kiwon lafiya. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta, ba ta kuma ware ɗan gudun hijira ba. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Kamfala ta 2009, wadda ta ɗora wa gwamnatocin Afirka nauyin kare waɗanda aka raba da muhallinsu a cikin ƙasarsu. A watan Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ashe ke nan doka ba ta bar giɓi ba, masu aiwatarwa ake nema.

Shawarata ta farko ita ce a dawo da sarkin zango. Masarautun Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, tare da shugabannin ƙananan hukumomin uku, su tabbatar kowane matsuguni yana da dattijo ɗaya da dattijuwa ɗaya da mazauna wurin suka zaɓa da kansu, masu hulɗa kai tsaye da mai unguwa. Su riƙe rajistar gidaje da yara da dabbobin da ke wurin, kuma duk ɗan garin da ke da ƙorafi ya kai gare su maimakon ya ɗauki sanda. Wannan ba ya buƙatar kwangila ko ƙaddamarwa da kaɗe-kaɗe.

Ta biyu, duk mai kare ya amsa cewa nasa ne, ya ɗaure shi da rana lokacin da yara ke kai-kawo, ya ba shi abinci da ruwa da inuwa, da dare kuma a ajiye shi a bakin matsuguni inda gadinsa zai yi amfani, nesa da ɗakunan kwana. Karen da ya ƙoshi ba ya yawan haushin banza. Sashen kula da lafiyar dabbobi na jiha ya fito da allurar rigakafi kyauta sau ɗaya a shekara, musamman da yake Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa wannan allura a cikin gida. Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi, yaɗuwar cutar na tsayawa. Ranar 28 ga Satumba, wadda duniya ta ware don yaƙi da wannan cuta, ta dace da wannan aiki. Zuba guba kuwa haɗari ne ga kaji da awaki da ungulu da su kansu yaran da ke tonon bola, ga shi kuma Musulunci ya hana azabtar da dabba.

Ta uku, matan kowane matsuguni su yi karɓa-karɓa, kamar yadda suke yin adashi: yau biyu ko uku su zauna da yaran kowa, gobe wasu su karɓa, a kuma saka wa masu zaman da wani kaso na tallafin abincin da ake rabawa. Sakatarorin ilimi su umarci shugabannin makarantu da su karɓi waɗannan yara ba tare da neman takardar canjin makaranta ko kayan makaranta ba, malaman Islamiyya da na allo su ma su buɗe masu ƙofa. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda za su iya ba da awa biyu a mako don koyar da su karatu da ƙirga.

Ta huɗu, limamai da masu shela da gidajen rediyo su yaɗa saƙo guda ɗaya har kowa ya haddace: idan kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya ga ɗaura ganye ko shafa toka. Idan an san karen, a killace shi kwana 10 ana lura da shi, amma kada a jinkirta allura don jiran sakamako. Iyaye kuma su sanar da yara cewa wanda ya faɗi gaskiya ba za a doke shi ba. Gwamnatin jiha, a nata ɓangaren, ta tabbatar manyan asibitocin garuruwan uku ba sa rabuwa da allurar da ake yi wa wanda aka ciza, kuma kyauta ga wanda ba shi da hali.

Babu shakka maganin dindindin shi ne tsaro ya dawo, kowa ya koma gonarsa, domin zango ba gida ba ne. Amma kafin Allah Ya kawo wannan rana, wajibi ne mu tsara zaman da ake ciki, don kada yaron da ya tsira daga bakin bindiga ya zo ya mutu a tsakiyarmu saboda cizon kare. Ina kira ga sarakunanmu da shugabannin ƙananan hukumomi da malamai da masu hannu da shuni su ɗauki wannan magana da muhimmanci, tunda dai rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci, amin.