Laifin Ganye Ko Na Mai Dafuwa?

A Turai akwai wata ƙaramar ƙasa da a ke kira Beljiyam, sunan babban birninta Burasel. Da sunan wannan birni a ke kiran wani tsiro na lambu, watau kabejin Burasel. Shi da kabejin da ku ke gani a kasuwa dangi ɗaya ne, amma siffarsu ta bambanta. Kabejinmu kai guda ya ke yi, babba, kusa da ƙasa. Shi kuwa wannan kara ya ke yi, mai tsawon ƙafa 2 ko 3, sa'an nan 'yan ƙananan kawuna su fito a jikin karan, ɗaya a gindin kowane ganye. Girman kowanne kamar na goro ne.

Ga yadda a ke nomansa. A kan yafa irin a fangali. Bayan mako 4 zuwa 6 sai a cire a dasa, a bar ƙafa 2 tsakanin gindi da gindi, a zuba taki, a riƙa ban ruwa. Ya kan yi wata 3 zuwa 6 kafin ya isa ci. Kawunan ƙasa su ke fara ƙosawa, saboda haka daga ƙasa a ke soma tsinka, a bi sama a hankali. Sanyi ya ke so ƙwarai. In sanyi ya tsananta har raɓa ta daskare, sai ya ƙara zaƙi. A wuri mai zafi kuwa kawunan ba su dunƙulewa da kyau, ga kuma ɗaci.

A Ingila a kan ci shi da yawa ranar Kirsimati. Amma yara da dama a can ba su sonsa. Sun ce yana da ɗaci, yana da wari. To, a ganina, yawancin laifin ba na ganyen ba ne, na mai dafuwa ne.

Ga dalili. Cikin kabeji da danginsa akwai farar wuta kaɗan. In aka bar su bisa wuta suka daɗe, sai wani wari ya tashi kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ganyen ya yi laushi tiɓis, korensa ya dushe. Amma in an wanke kawunan, aka yanke gindinsu, aka jefa cikin tafasasshen ruwa da ɗan gishiri, minti 6 ko 7 ya isa. Sai a tsame, a sa man shanu kaɗan, a ci da daɗinsa. Ɗacin ma an rage shi. Tsakanin 1990 da 2000 masana a ƙasar Holan suka gano abin da ke kawo shi, aka zaɓo iri masu ƙarancin ɗaci.

Me ya haɗa mu da wannan? Mu ma muna da kabeji da alayyafo da zogale da rama. Cikin irin waɗannan ganyaye akwai abin da likitoci ke kira bitamin C, wanda ke ƙarfafa dasashi, ya taimaki rauni ya warke. Doguwar dafuwa tana lalata shi, yawan kanwa ma haka. Manomi ya sha wahala wata da watanni yana ban ruwa, sa'an nan a ɓata amfanin cikin sa'a guda a tukunya. Ashe ba hasara ba ce?

Wani zai ce ganyen da bai dahu sosai ba ya kan kawo ciwon ciki. Gaskiya ne ƙazantar da ke jikin ganye tana cutarwa. Maganinta shi ne a wanke shi sarai da ruwa mai tsabta, a tabbata ruwan tukunya yana tafasa kafin a zuba.

Saboda haka, ya ku yara, kada ku yi saurin ƙin abinci. Ku fara tambayar yadda aka dafa shi tukuna. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. In kun koma gida, ku gaya wa iyayenku abin da ku ka koya yau, cikin ladabi.