Labarin Ƙasashen Duniya: Giyar Japan da Haraji

Ƴan uwa manoma da makiyaya, a wannan wata za mu leƙa Japan, wata ƙasa ta tsibirai can gabashin Asiya. Za mu ga yadda haraji ya canza abin da ake zubawa cikin tukunyar giya.

Da farko mu san abin da ake kira tsiro. Ana jiƙa hatsi har ya tsira, a shanya shi, a niƙa. Masu burkutu haka suke yi da dawa. A Japan da sha'ir ake yi, wani hatsi mai kama da alkama.

A da, dokar Japan ta ce sai tsiro ya kai kashi 67 cikin 100 kafin a kira abin sha da sunan giya. Harajin giya kuwa mai nauyi ne. A shekarar 1994 kamfanin Suntory ya yi dabara. Ya fito da wata mai tsiro kashi 65 kawai. Ta faɗa cikin wani rukuni da ake kira happoshu, mai ƙaramin haraji. Ta yi araha, mutane sunka yi ta saye.

Gwamnati ta ga kuɗi na zurarewa. A 1996 ta ɗora harajin giya kan duk wadda tsironta ya kai rabi. Kamfanoni sunka sake rage tsiro, ya koma ƙasa da kashi 25. A 2003 anka ƙara wa happoshu haraji. A 2004 kamfanin Sapporo ya baza wata a kasuwa, ba tsiro ko kaɗan, da wani irin wake anka yi ta. A 2005 kamfanin Kirin ya yi tasa da waken suya. Mutane sunka sa wa irin waɗannan suna giya ta uku.

Ga lissafin kafin 2020, a kan ƙaramin gwangwani guda. Giya tana biyan yen 77, happoshu wajen yen 47, giya ta uku yen 28. Yen shi ne kuɗin Japan. Kun ga abin da ya ja mai saye zuwa ga ta ukun.

Daga baya gwamnati ta yanke shawarar daidaita su. Ta rage na giya, ta ƙara na giya ta uku, a watan Oktoba na 2020 da na 2023. Doka ta sa Oktoba na 2026 ya zama lokacin da duka ukun za su biya haraji ɗaya, yen 54 da ɗan ɗori.

To, mi ya canza cikin gwangwanin? Suna ya canza, hatsi ya canza, kuɗi ya ragu. Maye bai ragu ba. Yawancinsu suna da abin sa maye wajen kashi 5 cikin 100, daidai da giyar asali. Illar da giya take yi wa hanta da aljihun mai gida, su ma suna yin ta. Araha ma takan sa mutum ya ƙara yawan sha.

Saboda haka, in kunka ga kaya da sabon suna da kuɗi kaɗan, ku karanta abin da anka rubuta jikin gwangwani. Amfanin karatun da muke koyo ke nan.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.