Ɗakin Tsoho Da Gidan Talaka: Wa Ke Da Alhaki?

Duk shekara, da zarar ruwan Agusta ya kankama, labari ɗaya ake ji daga ƙananan garuruwa da ƙauyukan ƙasar Hausa: katanga ta zube, ɗaki ya rufta, tsohuwa da jikokinta sun koma kwana a zauren maƙwabta. Idan abin ya yi ƙamari, irin yadda ruwa ya malale yankunan Haɗeja da Ringim a 2022, sai a ga manya sun zo cikin jerin motoci, a raba tabarmi da 'yan kwanonin masara, a ɗauki hoto, a juya. Amma ɗakin da ya faɗi shi kaɗai a cikin lungu babu mai ƙirga shi. Kuma galibi mai ɗakin ko dai dattijo ne da ƙarfinsa ya ƙare ba ya iya yaɓe, ko kuwa matar da miji ya rasu ya bar ta da marayu.

Alkawarin gida kam talakan ƙasar nan ya sha shi har ya gaji. A 1980 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta fito da shirin gidaje masu rahusa, da nufin gina 2,000 a kowace jiha duk shekara. Zuwa ƙarshen 1983 da soja suka kifar da gwamnatin, abin da aka kammala bai kai rubu'in abin da aka faɗa ba. Waɗanda aka gina ɗin ma, da yawa an jefa su can bayan gari, nesa da rijiya da kasuwa da masallaci, kuma da zane iri ɗaya tun daga Legas har Sakkwato, ba zaure, ba tsakar gidan da iyali za su sake. A 1991 aka sake yin shela wai kowa zai mallaki gida kafin shekara ta 2000. Jaririn da aka haifa a waccan shekarar yanzu magidanci ne, kuma haya yake biya.

A 1992 kuma doka mai lamba 3 ta kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, inda ake yankar kashi 2.5 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, sannan ya nemi rance ta Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, da ruwa kashi 6 cikin ɗari. To ina manomi yake a cikin wannan lissafi? Ina mai faskare, ina tsohuwa mai ƙosai? Ba su da takardar albashi, ba su da satifiket ɗin fili, ga kuma riba da Musulmi yake gudu. Shi kansa ma'aikacin, mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, alhali kuwa a farkon shekarar ta 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000. Wato albashin wata guda cur ba ya sayen buhu bakwai.

Saboda haka wanda yake jira Abuja ta zo ta gina wa tsohon ƙauyensu ɗaki, zai daɗe yana jira. Amma wannan bai wanke mahukunta ba, musamman na kusa. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin zama a fili a wuraren da ba a ayyana su a matsayin birni ba, har ta tanadi kwamitin ba da shawara kan rabon filaye a kowace ƙaramar hukuma. Haƙƙin jama'a ne su tambayi ciyaman da kansila: fuloti nawa aka yanka, kuma nawa suka shiga hannun marasa galihu? Abin da aka saba gani dai shi ne fili ya faɗa hannun 'yan siyasa da dillalai, a zagaye shi da bulo a bar shi yana jiran farashi.

Sai maganar kayan gini. An cusa wa mutane cewa ginin ƙasa alamar tsiya ce, har mutum ya gwammace ya shekara goma da kango na bulo a kan ya shiga ɗakin tubali a bana. Alhali a ƙauyen Yama da ke jihar Tawa a Nijar, jama'ar gari ne suka haɗu tun 1962, ƙarƙashin magini Falke Barmu, wasu na buga tubali wasu na ɗebo ruwa da itace, suka tayar da masallacin Juma'a na ƙasa zalla, wanda ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji ma, a jihar ta Tawa, masallacin da aka gama a 2018 da tubalin ƙasa da aka matse da inji aka yi shi. Ginin ƙasa ya fi sanyi da bazara, ya fi araha, abin da yake so kawai shi ne tushe mai tsauri, indararo mai kyau da yaɓe a kan kari. Rashin mai yin yaɓen nan shi ne yake kayar da ɗakunan tsofaffi.

A nan ne maganar ta dawo kan 'yan'uwa matasa. Lokacin da Muhajirai suka isa Madina ba su da wurin kwana, Ansar ne suka shigar da su gidajensu, waɗanda ba su da kowa kuma aka yi musu rumfa a masallacin Manzon Allah (S.A.W.). Sayyidina Umar (R.A.) ya yi waƙafi da gonarsa ta Haibara, ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a gado, amfaninta na mabuƙata ne. Abin mamaki, attajirin yau waƙafi ɗaya ya sani: masallaci, ko da kuwa akwai biyu a layin. Me zai hana a samu wanda zai tsayar da fuloti ɗaya a cikin gari, a yi ɗakuna huɗu ko biyar da makewayi a kusa, ba dogon dokin ƙofa, a zaunar da gajiyayyu ba tare da haya ba? A cikin gari fa, inda tsoho zai iya dogara sanda ya je jam'i, ya zauna a majalisa, jikoki su leƙo shi. Kwashe shi a kai shi bayan gari wata kaɗaici ce aka ƙara masa.

Kafin a samu mai waƙafin, gayya ba ta buƙatar sa hannun kowa. Matasa ashirin da suke iya cika fili don kallon ƙwallo za su iya buga tubalin ɗaki guda a 'yan kwanaki. Ya kamata 'yan'uwa na kowace unguwa su zaga tare da mai unguwa da liman, su rubuta ɗakunan da suka tsage da rufin da yake yoyo, su fara da waɗanda ba su da ɗa namiji a gari. A yi abin cikin sirri da mutunci, domin akwai dattijon da zai gwammace ɗaki ya danne shi a kan a kira sunansa a lasifika. Kuɗin azara da kwano a nema wurin masu hali da 'yan garin da ke birni, a kuma karanta lissafi a gaban jama'a. Tubali ba ya bushewa da damina, don haka aikin na rani ne, daga gama girbi zuwa watan Afrilu.