Wane Ne Kakan Kakanmu?

A wannan wata daga cikin aji za mu ɗauko zancenmu. Kwanan baya muka ba yara wani ɗan aiki a makarantarmu ta nan Kanvili, muka ce kowa ya je gida ya rubuto sunan mahaifinsa, da na kakansa, da na mahaifin kakan, da garin da aka haifi kowannensu. Da gari ya waye, yawancin 'ya'yan Dagwamba suka dawo da takarda cike. Namu kuwa, 'ya'yan zango, waɗanda suka wuce kaka ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Wani ma sai ya rubuto, "Kakana daga Hausa ya zo," ya sa aya. To, ina ne Hausa? Kano ce, ko Katsina, ko Gobir, ko Maraɗi?

Ba mu ga laifin yaran ba, domin kuwa mu ma iyayen da aka titsiye mu haka za mu yi. Maƙwabtanmu Dagwamba suna da makaɗa da suke kira lunsi, waɗanda aikinsu ke nan tun kaka da kakanni, su haddace salsalar sarakuna da ta gidaje, su riƙa rerawa a kasuwa da wurin biki. Mu kuwa namu asalin yana bakin tsofaffi ne kawai. Ranar da aka kai tsoho makwancinsa, an binne shi da sunaye biyar ko shida waɗanda ba mai sake jin su.

Wani zai ce mene ne amfanin tonon abin da ya wuce? Amfani na farko shi ne zumunci, wanda addini ya hore mu da shi, kuma ba a sada zumunci da wanda ba a sani ba. Na biyu, mu tuna da watan Nuwamba na 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. A cikin waɗanda suka hau mota akwai mutanen da a nan aka yanke musu cibiya, amma ba su da abin nunawa. Tsarin mulkin 1992 ya ce wanda aka haifa bayan kafuwarsa ɗan ƙasa ne muddin ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan Ghana ne. Ke nan idan an zo yankar katin ɗan ƙasa ko fasfo, sanin kaka da inda aka haife shi ba zancen hira ba ne. Rubutacciyar salsala tana nuna inda muka fito, tana kuma nuna tun yaushe muke nan.

Kuma mun daɗe. Fataucin goro ne ya kawo kakannin da yawa daga cikinmu Gwanja, cikin ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Da yaƙin basasa ya tashi Salaga a 1892, fatake da malamai suka watsu, wasu Kete Krachi, wasu Yeji, wasu Kintampo, wasu Kumashi. Wasu kuma aikin soja ne ya kawo su, tun rundunar Hausawa da Turawa suka yaƙi Asante da ita a 1874. Tamale kanta sai a 1907 ta zama hedkwatar Turawa a arewa. Wanda ya riƙe waɗannan shekaru zai iya auna labarin gidansu da su. In tsohuwa ta ce, "An haifi babana shekarar da Salaga ta tashi," to ga shekara an samu.

Wannan ne ya sa mu 'yan kaɗan, malaman makaranta da wasu dattawa, muka fara zama Asabar ɗin ƙarshen kowane wata bayan La'asar. Ba mu raɗa wa zaman suna ba tukuna, ba mu da shugaba, ba mu da asusu. Littafin rubutu ɗaya ne ga kowane gida. Ga hanyoyin da muke bi, ko wani zai amfana.

Da farko a fara da mai rai. A je wurin tsoho da goro, a zauna ƙasa, a bar shi ya yi magana, a ɗauki muryarsa da waya in ya yarda. Kada a tambaye shi shekara, a tambaye shi wane sarki ke ci, wane madugu suka biyo, tsagen da ke fuskar kakansa na waɗanne mutane ne. Kuma kada a tsallake iyayenmu mata. Mun lura su ne suka fi riƙe wa ya auri wa, wa ya sha nono da wa.

Na biyu, a buɗe adakar gida. Malaman dā sukan rubuta sunansu da na mahaifinsu a ƙarshen Alƙur'ani ko littafin da suka kwafa. Akwai takardar sallama daga soja, da tsohon fasfon hajji, da rasit ɗin fili. Kada a manna musu salatif, a ɗauki hotonsu a mayar inda ba danshi ba gara.

Na uku, ga gidan ajiye takardun tarihi na gwamnati a nan Tamale, reshen hukumar PRAAD. Can ne takardun mulkin Turawa na arewa suke, har da na shari'a da rahotannin joji-jojin gunduma, kuma wani shiri na Babban Ɗakin Karatu na Ingila ya ɗauki hoton wasunsu ya sa a intanet. Na huɗu, a Legon, Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana ta tara rubuce-rubucen Larabci da na ajami tun shekarun 1960, zamanin Ivor Wilks, da taimakon malamai irin su Alhaji Usmanu Boyo. A ciki akwai ayyukan Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano, wanda ya rasu a 1934. Wanda zare ya kai shi Nijeriya kuwa, ga gidan takardun tarihi na ƙasa da Arewa House, duk a Kaduna.

Sai dai akwai gargaɗi. Salaga ba goro kaɗai aka sayar a kasuwarta ba, har da 'yan Adam. Mai tono zai iya cin karo da abin da bai zata ba, a gidansu ko a gidan surukansa. Ƙa'idarmu ita ce, kowa gidansu zai bincika, kuma abin da aka ji a zaure ba a kai shi kasuwa. Haka nan ba mu yarda da ƙari ba. In duk muka zama jikokin sarki, wa ya kora jakunan ayarin? Ɗan dako da ya taka daga Kano har Gwanja da kaya a ka, wallahi abin alfahari ne. Inda labari biyu suka saɓa, mukan rubuta duka biyun, da sunan wanda ya faɗi kowanne.

Watan jiya mun yi niyyar zuwa wurin wata gyatuma a Sakasaka, ruwa ya hana mu, muka ce sai wani makon. Da muka je, zaman makoki muka tarar. Allah ya jiƙanta. Saboda haka, jama'a, littafin rubutu bai fi ƙarfin kowa ba. Mai kaka da rai ya je ya gaishe ta kafin Juma'a mai zuwa, ya tafi da yaro ɗaya ya riƙe biro. Allah ya gafarta wa magabatanmu, ya sa mu ma a tuna da mu. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.