Ƙwan Zamani a Azuzuwan Ƙasar Gumel: Wa Zai Biya Kuɗin Batir?

Masu tallar ƙwan LED da na'urar da ke kashe wuta da kanta idan aji ya zama babu kowa suna da lissafi mai kyau, kuma a kan takarda ba shi da aibi. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken da tsohon ƙwai mai wat 60 ke bayarwa. Aji mai ƙwai 6 zai sauko daga wat 360 zuwa wat 54. Idan an kunna awa 5 a rana, an rage yunit ɗaya da rabi. Da farashin naira 225 kan kowane yunit, wanda hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta sa wa 'yan rukunin A a watan Afrilun 2024, ragin bai kai naira 350 a rana ba.

To amma rukunin A na waɗanda aka yi wa alkawarin wuta awa 20 ne a kullum. Firamaren ƙauye a Sule Tankarkar ko Gagarawa ba ta cikin wannan sahu, wata ma ko wayar kamfanin wuta na KEDCO ba ta kai gare ta ba. Wanda ba a kawo masa bil ba, me za a rage masa? Kuma karatun firamare da rana ake yi, daga safe zuwa azahar, a ƙasar da rana ba ta rowa.

Shi ya sa maganar ƙwai a nan takan koma maganar sola, kuma a nan kuɗin yake. Ƙwan shi ne mafi arha a cikin kayan. Bayansa akwai farantin sola, inbata, waya, da batir, kusan duk daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashinsu ke bin dala. Batirin ne ya fi damuna. Mai ruwan dalma, wanda aka fi sawa saboda sauƙin kuɗi, an auna ƙarkonsa ne a kan zafin digiri 25, kuma duk ƙarin kimanin digiri 10 yana raba kwanansa biyu. A Maigatari zafin Afrilu da Mayu yana haura 40, balle a ɗaki mai rufin kwano ba silin. Ɗan kwangila ya sa kaya, an biya shi, ya tafi. Bayan 'yan shekaru batir ya mutu, sai a bar hedimasta da kwamitin iyaye, waɗanda kuɗin alli ma sai sun yi karo-karo. Kwangilar sawa tana da gurbi a kasafin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB. Ina so a nuna mana gurbin canjin batir kafin a buga ƙusa ko ɗaya.

Sai ƙurar hunturu, mai rufe faranti ta rage abin da yake tarawa. Dole a sami mai hawa ya goge, da tsani da ruwa. Sai gadi, domin makaranta marar katanga da aka ɗora wa sola a bainar jama'a tana buƙatar wanda zai kwana, shi kuma albashi yake ci duk wata.

Ita kuwa na'urar jin motsi mai kashe wutar da kanta, an ƙirƙiro ta ne domin gine-ginen Turai da Amurka, inda ake barin ɗaruruwan fitilu a kunne dare da rana. Ajinmu a cike yake maƙil har a tashi, daga nan monita ya danna makunni ya ja ƙofa. Idan na'urar ta lalace, mai gyaran wuta na kasuwar Gumel zai cire ta ne ya haɗa wayar kai tsaye, kuɗinta ya tafi. Sannan malamin da ke fama da yara a bazara fanka zai roƙa, kuma fankar silin guda takan ci wat 60 zuwa 75, fiye da ƙwan LED 6 gaba ɗaya. Tsarin da aka auna da ƙwai kawai zai durƙushe ranar da aka rataya fanka.

Akwai inda nake goyon bayan kashe kuɗin ba tare da jinkiri ba: wurin da ake karatu da dare. Ɗakin firef da ɗakunan kwana na makarantun kwana, ɗakin karatu na Kwalejin Ilimi ta Gumel, Islamiyyun dare na matan aure, da tsangayun da har yanzu almajirai ke karatu a bakin wutar kara suna shaƙar hayaƙi. A can hasken yana ƙara awannin karatu na gaske, kuma ƙananan fitilun sola masu batir a jiki sun fi babban tsari sauƙin canzawa idan ɗaya ta mutu.

Duhun ajin rana kuwa, yawancinsa daga tagogin ƙarfe ne da ake rufewa saboda iska da ƙura, da bango da ya yi baƙi, da silin da ya zube. Farin fenti, gyaran taga da sabon silin aiki ne da birkila da kafinta na garin za su yi, kuma silin ɗin yana rage zafi, ba haske kaɗai ba.