LAFIYA UWAR JIKI: Shin Ana Ɗaukar Sanƙarau?

Da zarar hunturu ya ja baya, zafin bazara ya sauka a Yola da Jimeta har ya haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, sai hankalin magidanta ya tashi saboda sanƙarau. Da yawa sun ɗauka zafin ne da kansa yake haifar da ciwon. Wannan kuwa kuskure ne.

Sanƙarau irin na annoba ƙwayar cuta ce ke kawo shi, kuma daga mutum take zuwa ga mutum. Takan fito cikin feshin tari da atishawa da yawu, ta shiga hanci ko maƙogwaron na kusa. Abin mamaki, kimanin mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da ita a maƙogwaro, yana harkokinsa lafiya lau. Galibi daga irin waɗannan ake kamuwa. Aikin ƙura da busasshiyar iska shi ne raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, har ƙwayar ta sami ƙofar shiga jini, ta kai ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka.

Saboda haka haɗarin yana wurin cunkoso: ɗakin da mutum goma ke kwana tagogi a rufe, ɗakunan kwanan ɗalibai, da motar doguwar tafiya da ta tashi maƙil daga tashar Jambutu.

Jihar Adamawa tana cikin yankin da cutar ta saba addaba, daga Senegal zuwa Habasha. A annobar 1996 mutum fiye da 11,000 suka rasu a Nijeriya. A 2024 kuma Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta soma allurar Men5CV, mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar.

Ciwon yakan bayyana kwana 2 zuwa 10 bayan kamuwa, da zazzaɓi mai zafi, matsanancin ciwon kai, amai da sanƙarewar wuya. Wanda aka ga haka gare shi, a garzaya da shi Asibitin Ƙwararru na Yola ko asibiti mafi kusa a ranar, domin in babu magani ciwon kan kashe kusan rabin masu shi. Bayan awa 24 da soma maganin da ya dace, majinyaci ya daina yaɗa ƙwayar.

Ashe ɓoye majinyaci a ɗaka ba ya tsare kowa. A buɗe tagogi, a rage cunkoso, a kai yara allura. Allah Ya kiyaye, amin.