Sola a Rufin Mota: Lissafin Dokin Rano

A Amurka da Ostareliya akwai motocin da ake kira RV, gida ne sukutum a kan taya: ga gado, ga kicin, ga banɗaki. 'Yan shekarun nan masu sayar da kayan wuta sun samo sabuwar waƙa, wai ka shimfiɗa farantan sola a rufi, ka jera batiran lithium a ƙarƙashin gado, sai ka nausa daji ka yi bankwana da kamfanin wuta. Jama'a sun hau kai sun zauna. Ni dai na ce a zo a yi lissafi tukuna.

Rufin mota ba gona ba ce. Bayan ka cire wurin na'urar sanyaya ɗaki da tagogin iska, in ka samu wurin farantai na wat 600 ka yi sa'a. A ce rana ta ba ka awa biyar masu ƙarfi, wat-awa 3,000 ke nan a takarda. A takarda fa. Farantan kwance suke, ba a karkata su wajen rana ba, ƙura ta rufe su, kuma ƙarfin da aka rubuta a jikinsu an auna shi ne a ma'aunin zafi 25; da sun ɗau zafi sai su fara ja baya. Na'urar sanyaya ɗaki ta irin waɗannan motoci kuwa tana shan wajen wat 1,400. Abin da rufi ya wuni yana tarawa, cikin awa biyu ta lanƙwame shi.

Sai masu sayar da kayan su ce ai a ƙara batir. Batirin lithium mai amfiya-awa 100 yana riƙe wat-awa 1,280, ko awa ɗaya ba zai kai da na'urar ba, balle inbata ta ɗebi nata ladan. Ka sayi goma ma, randa ce ka ƙara, rijiyar tana nan yadda take. Duk wanda ya taɓa haɗa sola a Kano, ya ga yadda wuta ke ɗaukewa da tsakar dare a watan Afrilu, ya san zancen. In kuma sanyi ya kai ruwa ya daskare, irin wannan batir ba a yi masa caji sai an ɗumama shi, da wutar da ake ƙoƙarin tarawa.

Abin dariyar ma, mai neman sanyi inuwa yake kai motarsa, farantai kuma rana suke so. Sai dai ka zaɓi ɗaya.

To ya waɗanda suka daɗe a harkar suke yi? Cin rani suke yi, kamar kowa. Dubban motoci kan yi sansani a hamadar Quartzsite ta jihar Arizona da hunturu, inda aka ɗauki wani ɓangare na fim ɗin Nomadland na 2020. Solarsu na riƙe firij da fitila da cajin waya lafiya lau, domin lokacin ba mai neman sanyi. Girki da gas ake yi. Takardar izinin doguwar zama a filayen gwamnati na wurin takan ƙare ran 15 ga Afrilu, kuma kafin nan yawancinsu sun naɗe tabarma sun yi arewa, sun hau duwatsu inda iska ke kaɗawa. Ko cikin hunturun ma, in hadari ya kwana biyu bai washe ba, ka zagaya sansanin da magariba ka ji yadda janareto ke amsa wa juna.